Kaset ɗin da Aka Kunna wa Runa

La Courneuve, Afrilu 2007

Yaya Sahadatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Lyon, ko ya fara sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Gwaggo Sabuwa da ta tashi tun da asansar benenmu ta lalace muka koma hawa da ƙafa. Ta ce in gaishe ki, kuma ki daina cin taliya safe da yamma.

Ki yi haƙuri da ranar Lahadi da kika kira. Kin san inda tarho yake, a tsakiyar salon, Gwaggo na gefe tana gyaran alayyafo, baƙi suna shan shayi, kunnen kowa yana kaina. “Lafiya lau” kaɗai ya iya fita daga bakina. Sai da na ajiye tarhon maganganun suka zo mini. A makarantarmu ta lise ma haka nake. Shekara biyu ke nan da Gwaggo ta ɗauko ni riƙo, har yau in malama ta kira sunana ji nake kamar in shige ƙarƙashin tebur. Ke kaɗai nake iya gaya wa abin da ke raina, ke ɗin ma sai a takarda. Don Allah kada ki gaji da amsa mini.

Wani Alhaji da ya zo daga Damagaram ya kawo kaset ɗin Inna. Ta gaishe da kowa da sunansa, har da ke, ta ce ki riƙa barci. Ni kuwa ba maganarta kaɗai nake saurara ba. A bayan muryarta ana jin ƙyauren langa-langar nan tamu, da akuyar maƙwabta, da Balkisa ta gidanmu tana daka. Akwai wurin da Inna ta yi tari ta ce, “Tsaya, yana ɗauka kuwa?” Nan nake ta mayarwa in na dawo daga lise, har zaren ya fara laushi.

Na gode da katin da kika aiko, na manyan kifayen nan baƙi da fari da suka yi tsalle tare. Na sa shi cikin littafin lissafi, inda nake ɓoye littafin soyayyar da na aro wurin ’yar maƙwabtanmu. Har na tsara wa kifayen labari. Namijin ne ya biyo macen daga wani teku mai nisa, ya yarda a kulle shi don kada a raba su. Kada ki yi dariya. Ki dai gaya mini, suna son juna ko?

Ƙanwarki,
Hamdiya

Villeurbanne, Mayu 2007

Hamdiya ’yar mafarki,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai mura da na kwaso a tiram, jirgin nan na cikin gari. Ki gaishe da Gwaggo da gwiwa, ki ce mata na ci shinkafa jiya don ta ji daɗi.

Na yi dariya, ki yafe mini. Da farko dai ba kifaye ba ne. Sunansu orka, iska suke shaƙa kamar ni da ke, kuma uwa nono take ba ɗanta. Aikina a labo, ɗakin bincikenmu, shi ne sauraronsu. Ina sauka kudu, bakin teku, wurin shaƙatawar da ake ajiye su a tafkin siminti suna wasa jama’a na tafi. In zura makirufo cikin ruwa in ɗauki kukansu, in dawo Lyon in zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, ina rarrabewa. Malamina Christophe ya samo mini staj, wato koyon aiki, a can duk lokacin zafi.

Soyayyar taki kuwa, franchement, maganar gaskiya, babu ita. Macen da ke katin sunanta Runa. An kamo ta tana ƙarama a tekun arewa mai ƙanƙara, sama da shekara ashirin ke nan. Namijin daga wani dangi yake dabam. Abin da zai ba ki mamaki, kowane dangin orka da irin kiransa, kamar yadda Hausar Damagaram ta bambanta da ta Tawa, wani lokacin ma kamar Hausa da Zabarmanci. Su biyun ba sa jin juna sosai. Tsallen da kika gani, usur aka busa musu, bayansa akwai bokitin kifi. In kin ga bayan Runa kusa, duk zanen haƙoransa ne. A teku da ta yi nisa da shi, a tafki ina za ta je?

A teku ’ya ba ta rabuwa da uwarta har mutuwa. A nan Runa takan yini a gefen ƙofar ƙarfe, ba motsi, kamar gungume. In ta gaji ta ciji ƙarfen, haƙoranta na gaba duk sun cinye. Carine, matar da ke shiga ruwa da su, ta fi kowa son Runa, amma ta ce mini kullum sai ta dubi idonta kafin ta shiga, kuma akwai ranakun da take fasawa. Dabba ce da ta fi motar kaya nauyi. Ba sai ta yi niyyar mugunta ba.

A labo muna da faifan kukan orka na tekun da aka kamo ta. In na saurare su, surutu kamar gidan biki. In na koma kan na Runa, kira biyu ko uku take ta maimaitawa.

Kuma kada ki fara ce mini ke ce Runa, na san halinki. Gwaggo ba da komar kamun kifi ta kamo ki ba.

Yayarki,
Sahadatou

La Courneuve, Mayu 2007

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe mura. Gwaggo ta ce ki dafa citta da kanumfari. An gyara asansar, ta sake lalacewa.

Ban ce ni ce Runa ba. Ke kika faɗa.

Tun da na karanta wasiƙarki na kasa ci gaba da littafina, ga shi na kai wurin da saurayin zai dawo daga tafiya. Ina zaune a aji ina kallon taga, ina ganin ta a gefen ƙofar nan. Shekara ashirin ba wanda ya kira ta da muryar gidansu. Ni wata uku in kaset bai zo ba sai in fara jin kamar ban taɓa zama a Damagaram ba, kamar a littafi na karanta garin.

To Yaya, ga abin da ya zo mini. Kin ce kuna da faifan danginta. Me zai hana a kunna mata? Ai mu haka muke yi. Wanda ya tafi ci-rani, wanda ya tafi Makka ya daɗe, wanda aka kai riƙo, kaset ake aika masa ya ji gida. Inna ba ta iya rubutu ba amma ga shi tana shigowa ɗakina a La Courneuve duk ranar da na so. Turawa ba su san wannan ba, su sun saba da takarda, shi ya sa ba su yi tunaninsa ba. Ke kin sani. Ko kaɗan ne, ki kunna mata ta ji cewa suna nan, ba su ƙare ba.

Na ma hango yadda zai kasance. Za ta ɗago kai a hankali, ta matso, ta lumshe ido. Wataƙila ta daina cizon ƙarfe. Wataƙila ranar Carine ta dubi idonta ta ga wani abu dabam.

Ban taɓa roƙonki komai ba, ko takalmin nan da kika ce in zaɓa ban zaɓa ba. Wannan nake roƙo.

Hamdiya

Villeurbanne, Yuni 2007

Hamdiya,

Lafiya lau, mura ta tafi. A gurguje nake rubutowa, ina haɗa kaya, jibi zan sauka kudu.

Na taɓa wa Christophe maganar, ban ce daga gare ki ta fito ba. Ya ce a’a tun ban rufe baki ba. Wai ba a kunna wa dabba irin wannan abu sai da izini da shiri mai tsawo, don ba wanda ya san abin da za ta yi. Gaskiyarsa ne. Ki bar maganar.

Amma ke ma kin iya sa mutum a gaba. Jiya na kunna kaset ɗin da Inna ta aiko mini bara, na zauna a ƙasa ina ji har shinkafata ta kama. Zan rubuto in na isa. Ki dage da jarrabawa, ki rage littattafan nan.

Sahadatou

La Courneuve, Yuli 2007

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan da gaske lafiyarki ƙalau kamar yadda kika gaya wa Gwaggo. Mu muna nan. An yi hutu, unguwa ta yi shiru, rabin benenmu sun tafi gida.

Muna cin abincin rana aka nuna a tele. Na gane tafkin tun kafin su yi bayani, irin shuɗin da ke katina ne. Suka ce orka ta ja wata ma’aikaciya ƙarƙashin ruwa a gaban jama’a, an kai ta asibiti, ba su faɗi suna ba. Gwaggo ta saki cokali ta hau kiran portabil ɗinki, wayar hannu, a kashe. Ta kira, ta kira. Ni ban tashi daga inda nake ba, hannuna na cikin tuwo har ya huce. Sai da yamma kika kira. Na ji Gwaggo tana ta hamdala, na ji ta ce, “Ga Hamdiya nan kusa.” Na miƙe, na goge hannuna a zane. Sai na ga ta ajiye tarho ta ce wai kina sauri.

Yaya, ko lokacin da ba ki da katin tarho sai na minti ɗaya, kina cewa a ba ni in ce lafiya lau ɗin nan tawa.

Carine ce ko? Runa ce ko? Ban gaya wa Gwaggo komai ba, amma tun ranar abu ɗaya nake juyawa. Kin ce in bar maganar, kuma a wasiƙa ɗaya kin ce na iya sa mutum a gaba. Na karanta layin nan har na haddace. In kin kunna mata, to ni ce. Ni da na zauna a bene ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, na tsara wa dabbar mutane labari kamar a littafi.

Ban san adireshinki na kudu ba, ba ki aiko ba. Zan aika wannan ɗakinki na Villeurbanne a gefen Lyon, ko wani zai miƙa miki. Ki rubuto ko zagi ne.

Hamdiya

La Courneuve, Agusta 2007

Yaya Sahadatou,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwar Gwaggo da sauƙi. Ni ma lafiya.

Katinki ya iso. “Na koma Lyon. Ina lafiya. Kada ki jira wasiƙa yanzu.” Ko sunana ba ki sa a sama ba. Na gane.

Ba zan dame ki ba, wannan ce ta ƙarshe sai kin nema. Ina so ki sani dai na mayar wa ’yar maƙwabta littattafanta duka, har wanda ban gama ba. Kaset ɗin Inna ma na sa shi a ƙasan akwati. Na gwada kunnawa sau ɗaya, da ta zo wurin gaishe ki na kashe.

Kullum da hantsi ina sauka duba akwatin wasiƙu. Mai gadin bene har ya fara tsokanata, wai saurayin nan ba shi da kirki. Na yi murmushi kawai. Da zan iya magana da na ce masa ba saurayi ba ne, yayata ce, kuma ita kaɗai gare ni a ƙasar nan da ta san yadda muryata take in ba “lafiya lau” nake cewa ba.

Allah ya ba Carine lafiya. Ina sa ta a addu’a ko da ban san fuskarta ba.

Hamdiya

Villeurbanne, Satumba 2007

Hamdiya ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, jiki dai. Na sami wasiƙunki biyu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ƙofa, na ajiye su ban buɗe ba sai shekaranjiya, don ina tsoron ki tambaye ni yadda Runa ta ji daɗi. Da na karanta na ga abin da shiruna ya yi miki. Ki yafe mini. Ban yi fushi da ke ba ko na rana ɗaya. Ranar da na kira, na san in na ji muryarki zan fashe da kuka a kunnen Gwaggo. Katin kuwa, iyakar abin da hannuna ya iya rubutawa ke nan.

E, na kunna mata. Da safe ne, kafin a buɗe wa jama’a, ina zura kayan aikina kamar kullum. Na haɗa da ƙaramar lasifikar ruwa, na saki faifan tekun arewa, ɗan kaɗan. Tana gefen ƙofarta. Sai na ga duk jikinta ya ƙame. Ta nutse, ta taho kai tsaye, ta tsaya daidai lasifikar. Sannan ta yi wani kira da ban taɓa ji daga gare ta ba, babu shi a duk faifan da aka ɗauka nata tun zuwanta. Dogo, yana hawa a ƙarshe. Yana cikinta duk shekarun nan. Na yi murna, Hamdiya. Na ce yau zan rubuta miki cewa kin fi Christophe sani.

Sai na kashe.

Ta sake kiran, ta jira. Ta sake. Daga nan ta fara nema. Ta zagaye tafkin ta ƙasa, ta ɗago ta leƙa bayan katanga, ta koma wurin lasifikar, ta duba bayanta. Da ba ta ga kowa ba ta nufi ƙofar ƙarfe ta yi ta dukanta da kai har ruwan wurin ya yi ja. Mu in mun ji kaset mun san kaset ne. Ita ba ta san akwai murya ba mai ita ba. A wurinta sun zo, suna bayan bangon, kuma an hana ta.

Ga inda laifina yake, ba naki ba. Na naɗe kayana na yi shiru. Carine ta zo ta dubi idon Runa ta yi jim, ta tambaya ko wani abu ya faru da safe. Na ce ban sani ba. Ranar wurin a cike yake, ’yan hutu har kan matakala. Ta shiga. Runa ta kama ta a cinya ta nutse da ita, ta zagaya da ita jikin bangon, ta ɗago ta shaƙi iska, ta sake nutsewa. Ba ta cije da ƙarfinta ba, da ta yi da ba a wannan maganar. Daga baya ta sake ta da kanta.

Carine na raye. Ƙashin cinya ya karye, ruwa ya shiga huhu, likitoci sun ce za ta yi tafiya amma ba su ce za ta koma aikinta ba. A ranar na faɗi abin da na yi. An sallame ni daga staj, labo kuma suna duba ko zan ci gaba. Na je asibiti. Carine ba ta ko dube ni ba ta ce, “Da kin gaya mini, da ban shiga ba.” Da zan fita ta tambaye ni yadda kiran yake, na kwatanta mata da baki kamar mahaukaciya a tsakiyar asibiti. Ta rufe ido. Ta ce shekara goma tana ciyar da ita ba ta taɓa jin sa ba.

Runa tana tafkin baya yanzu, ita kaɗai, ba ta wasa. An ce tana yin kiran har yanzu.

Ke shawara kika bayar irin ta gidanmu, da zuciya ɗaya. Ni ce na yi karatun, ni aka ce wa a’a. Ki ɗauko littattafanki. Kiran nata yana cikin ordinater ɗina, in kina so in juye miki a kaset, in ƙara da muryata a bayansa don ki ji da kunnenki cewa ba fushi nake ba.

Yayarki,
Sahadatou

La Courneuve, Oktoba 2007

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an koma lise. A kan matakala na karanta wasiƙarki, ban iya jira na kai sama ba. Mai gadi ya ce to, saurayi ya tuba ke nan.

Kin ce mu in mun ji kaset mun san kaset ne. Na yi ta tunanin wannan. Akwai abin da ban gaya miki ba lokacin da nake ba ki shawara, don ni kaina ban lura ba. Duk ranar da kaset ɗin Inna ya kai ƙarshe ya yi ƙas, sai in ɗaga kai in dubi ƙofa. Kullum. Daga nan ba na iya cin abinci, Gwaggo ta yi ta tambaya ko cikina ne. Labarin daɗin kaɗai na ba ki, ban ba ki na bayan an kashe ba.

Don haka kada ki aiko da kiran Runa, ba nawa ba ne, ba ni take kira ba. Muryarki ma kada ki aiko.

Ranar Juma’a na yi abin da ban taɓa yi ba. Gwaggo na yanka albasa a salon, har da baƙuwa a zaune, na ce mata ina so in je in ga Inna in an yi babban hutu. Da ƙarfi na faɗa, har na tsorata kaina. Ta ajiye wuƙa ta dube ni ta ce, “Ashe kina da baki.” Ta ce shekara biyu tana jira in nemi wani abu a gidan nan ko da gishiri ne. Ba ta ce e ba tukuna, ta ce za ta duba. Amma ta share ido, ta ce albasa ce.

Ko labo sun ce ki ci gaba ko ba su ce ba, ki zo hutun ƙarshen watan nan. Gwaggo ta ce katifa na nan. Ranar Asabar na gwada hanyar tashar da za ki sauka ni kaɗai, na shiga jirgin RER na canza a Châtelet, na ɓace, na tambayi wata tsohuwa da faransancina, ta gane ni. Na isa tashar da ake kira Gare de Lyon na tsaya ƙarƙashin babban allon nan har jirgin Lyon ya shigo, na kalli mutane suna saukowa, na dawo gida.

Yanzu na san wurin tsayawa. Zan ɗaura ɗankwalin nan ruwan goro da Inna ta aiko. In kin sauko ba sai kin ce komai ba, ni ma wataƙila ba zan iya ba. Ki dai taho inda nake.

Ƙanwarki,
Hamdiya